Aron Adireshi

Kafin wata ta yi saurin rubuta min "Allah ya ƙara" a ƙasan labarin nan, ku bari in fara gaya muku yadda ake kwatanta gidanmu. Ba shi da lamba. Layinmu ma ba shi da suna. In ka shigo Bagudo sai dai ka ce wa ɗan kabu-kabu ya kai ka gidan marigayi Malam Ɗanmusa tela, bayan injin niƙa, ƙofar da ke kallon shagon Atiku. Zai dire ka a bakin zaure ba tare da ya sake tambaya ba. To wannan kwatancen shi aka zo ara a wurinmu, kuma ni ban taɓa sanin ana aron irinsa ba sai bana.

Sunana Hamdiyya, shekarata ashirin da huɗu. Mu biyu ne rak a gidan, ni da Inna, tun rasuwar Baba shekara uku da suka wuce. Yayyena mata suna ɗakunansu. Ina sayar da atamfa da leshi ta waya, in ɗora hotuna da safe, in yini ina amsa "nawa na ƙarshe" daga matan da ba su da niyyar saye. Kayan kuwa daga Jamhuriyar Binin suke zuwa min ta iyakar Tsamiya, kuma mai turo su shi ne Bunyaminu.

Bunyaminu ɗan yayan Inna ne, wato taubashina. A gidanmu ya yi sakandare, a ɗan ɗakin da ke cikin zaure. Da ya gama ya bi wani ɗan kasuwa ya tsallaka iyaka, yanzu shekararsa tara a garin Paraku, can cikin Binin, yana harkar waken suya. Bai yi aure ba, bai kuma daina tsokanata ba. Ba zan ɓoye alherinsa ba: lokacin ciwon Baba shi ya bar kasuwarsa ya zo ya ɗauke shi zuwa asibitin Birnin Kebbi, ya yi sati biyu yana kwana a baranda. Inna ba ta manta ba. Ni ma ban manta ba, ko da za ku ga kamar na manta.

Ranar wata Talata da hantsi ina zaune a tsakar gida ina ninke wata atamfa mai ruwan goro, ya kira wayata ya ce in ba Inna, in kuma buɗe murya.

"Gwaggo, wata 'yar alhwarma nika so."

"Hwaɗi, ɗana."

Ya yi bayani. Masu sayen wake a hannunsa 'yan Najeriya ne, da naira suke biya, asusunsa kuma ƙarami ne, kuɗin da ke shiga sun fi ƙarfinsa. Banki ya ce kafin a faɗaɗa masa sai ya kawo shaidar gidan da yake zaune a cikin ƙasar nan: takardar wuta ta wata uku. Bayan haka za su turo mutum ya ga gidan da idonsa, ya tambayi maƙwabta, kuma ba sa faɗin ranar zuwa.

"In ba a tantance ba hwa, rufe shi za su yi, Gwaggo, ga kuɗɗin mutane ciki."

"Yo mi na abin roƙo nan? Gidan ga ba gidanku na ba?"

Takardar wutar gidanmu sunana ne a jiki, don ni na je na canza bayan rasuwar Baba. Na ce, "Ya Bunyaminu, amma ai ba nan kake zaune ba."

Ya yi dariya. "Uwargida ta soma. In na aure ki ai nan za ni zama."

"Allah ya tsare ni da mai ƙafar agwagwa."

Inna ta harare ni. Na ɗauki hoton takardun na tura masa. Duka abin bai kai minti biyar ba, na koma kan atamfata.

Inna mace ce da in ta ɗauki abu ba ta yi masa rabi. Washegari ta sa na share ɗakin zaure, muka fitar da buhunan shinkafa da tsohon keken ɗinkin Baba. Ta shimfiɗa katifa, ta rufe da zanen gado mai furanni, ta rataya wata tsohuwar shaddar Baba a ƙusa, ta ajiye buta da darduma. Sai ta ja baya ta ƙare wa ɗakin kallo, ta ce bai yi kama da na mai rai ba. Ta je ta ɗauko takalmin Baba na fata, ta goge shi da man gyaɗa, ta ajiye a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ta ɗan karkace kamar yanzu aka tuɓe. Ina tsaye ina kallonta. Na ce a raina, da Inna ta yi boko da an sha wuya.

Bayan la'asar ta yafa mayafi ta shiga maƙwabta. Ta fara da Malam Atiku mai shago, ta wuce gidan Iya Dela da muke katanga ɗaya, ta bi ta wurin mai injin niƙa. Saƙon ɗaya ne: duk baƙon da ya zo yana tambayar gidanmu, a ce masa Bunyaminu a nan yake zaune, yana dai yawan tafiye-tafiye. Babu wanda ya ce don me. A unguwarmu kusan kowane gida yana da ɗa a tsallake, kuma rufa wa maƙwabci asiri gaban baƙo ba abin shawara ba ne. Iya Dela har da dukan ƙirji.

"Bar min shi, Rahmatu. In yaz zo sai ya koma da ciwon kunne."

Yanzu bari in shigo muku da Abdulganiyu, don na san shi kuke jira.

Ɗan Kamba ne, ma'aikacin lafiyar dabbobi, aiki yana kawo shi kasuwar Bagudo. Ya sayi leshi a wurina zai kai wa ƙanwarsa, ya dawo ya ce launin bai yi mata ba, ya sake dawowa ya ce wanda aka canza ɗin ma bai yi ba. A zuwa na uku na ce masa ko dai ƙanwar nan ba ta da ido, ko kuma babu ita. Ya sunkuyar da kai yana murmushi. Baƙi ne siriri, ba ya son hayaniya, hularsa kullum a tsaye kamar an auna da ma'auni. Saƙonsa ma haka yake, da waƙafi da aya, ko "barka da safiya" zai rubuta. Ina son shi. Na faɗa sau ɗaya, ba sai na yi ta maimaitawa ba.

Wata bakwai muna tare ya ce ya sanar a gida. Ya gaya musu abin da ya sani: marainiya ce, ita da mahaifiyarta kaɗai ne a gida, babu wanda ya riga shi. Mahaifinsa ya ce to, za a yi bincike.

Duk wadda ta tashi a ƙasar nan ta san yadda binciken aure yake. Ba a sallama a gidan yarinya. Ana samun wanda ba a sani ba a unguwar, ya zo kamar mai wucewa, ya sayi goro a shago, ya roƙi ruwa a maƙwabta, yana jefa tambaya. Ba a faɗin rana. Shi kansa saurayin ba a gaya masa wa aka tura, don kada ya tsegunta. Na san da wannan sarai. Inna ma ta sani. Amma mu biyun babu wadda ta zauna ta lura cewa baƙi biyu muke jira, kuma maƙwabtanmu amsa ɗaya muka ba su.

Kwana goma sha ɗaya da gyaran ɗaki, na dawo daga tasha na karɓo ƙunshin kaya, na tarar da Iya Dela a tsakar gidanmu tana fifita da bakin zane, fuskar nan kamar wadda ta ci gasa.

"Ɗan bankinku ya zaka, na gama da shi."

Inna ta ajiye muciya. "Yaushe?"

"Ɗazun ga, kina wanka. Da tabarau, da biro ga aljihu, da 'yar jaka ta hwata. Yas sha ruwa gidana, yac ce, Iya, su wa ka zama gidan ga? Nic ce, Rahmatu da ɗiyarta da Bunyaminu. Yac ce wane Bunyaminu? Nic ce ɗan yayanta, saurayi ɗan kasuwa, nan shika kwana, leƙa zaure ka ga takalminai. Yal leƙa kuwa."

"Madalla," in ji Inna.

"Tsaya, ban ƙare ba. Nig ga awa bai gamsu ba. Nic ce mai, kai, yaron ga ba baƙo na ba, tun suna ƙanana anka ce shi za a ba Hamdiyya, har yau uwargida shika ce mata, kayan da taka saidawa ma shi ka aiko su. Atiku na jinmu, yac ce hakanan na."

Na ce, "Iya, wa ya aike ki da wannan?"

"Yo gishiri na ƙara, ɗiyata. Magana ba gishiri wa ka yarda da ita?"

Inna ta yi dariya har da tafa hannu, ta zuba wa Iya Dela dambu a kwano. Ni ma na ɗan yi, ba zan yi muku ƙarya ba. Na shiga ɗaki na tura wa Bunyaminu saƙo cewa mutuminsa ya zo, an wuce wurin. Bayan awa ɗaya ya amso da murya.

"Na kira bankin, sun ce ba su turo kowa ba tukuna. Wai sai mako mai zuwa ko na sama. Ku dai ci gaba da shiri."

Na saurari saƙon sau biyu. Na ajiye wayar a kan gado, na ci gaba da kwance ƙunshin kaya, ina jera atamfofi bisa launi. Na riga na gane, amma hannuna bai tsaya ba sai da na jera duka ashirin.

A ranar Abdulganiyu bai kira ba. Washegari ma shiru. Rana ta uku da azahar saƙo ya shigo.

"Hamdiyya, wane ne Bunyaminu?"

"Ɗan kawuna ne. Yana Paraku."

"Baffa Namadi ya ce yana zaune a gidanku. Ya ga ɗakinsa. Mutum uku suka shaida masa."

Baffa Namadi ƙanen mahaifinsa ne, ɗan kasuwa mai fiton kaya ta iyakar Lolo. Ban taɓa ganinsa ba, amma na san yanzu yana sa tabarau.

Na rubuta, na goge. Na sake rubutawa, na goge. Kafin in tura komai wani ya shigo.

"An ce an yi masa alkawarinki tun kuna yara. Baba ya ce shi ba zai nema wa ɗansa aure a kan neman wani ba, haramun ne. Ya kuma ce na yi masa ƙarya da na ce ku biyu ne a gida."

"Ba gaskiya ba ne."

"Wanne daga ciki?"

"Duka."

"To me ya sa unguwa guda za ta haɗa baki ta faɗi abin da babu?"

Tambaya ce mai kyau. Na fita da wayar a hannu na sami Inna a gindin murhu tana tsince shinkafa, na karanta mata saƙonnin ɗaya bayan ɗaya. Ta daina tsincewar. Sannan ta ce, "Dela ta kashe mu."

"Ba Iya Dela ta ba, Inna, mu na. Bari in gaya mai gaskiya."

"Ki gaya ma wa? Shi ya gaya ma ubanai, uban ya gaya ma ƙanenai, ƙanen ɗan kasuwa na, gobe magana ta kai Lolo ta kai tasha. Ɗan banki na sauka garin ga, ɗan kabu-kabun da za ya ɗauko shi ya riga ya ji. Ki yi haƙuri mako guda."

"In sunka hwasa hwa?"

"Wanda ka sonki ba ya hwasawa don mako guda." Ta ɗago ta dube ni. "Hamdiyya, yaron ga shi yad ɗauki ubanki ga kahwaɗa. Ban yarda ki buɗe baki ba. Na hana ki."

A gidanmu in Inna ta ce "na hana ki", an rufe shafi. Na koma ɗaki na rubuta wa Abdulganiyu: "Akwai dalili, amma ba nawa ba ne ni kaɗai. Ka ba ni mako ɗaya." Ya karanta nan take. Amsar ba ta zo ba sai bayan sallar la'asar, kalma ɗaya da ayarta: "To."

Mako ya wuce, ɗan banki bai zo ba. Kullum da safe Inna tana kakkaɓe katifar, ta sake karkata takalmin. Ni kuma ina ɗora hotunan atamfa, ina duba waɗanda suka kalla. Sunan Abdulganiyu yana ciki kullum, bai dai ce uffan ba. Wata ƙawata da ke aure a Kamba ta kira ni tana kewaye-kewaye, daga ƙarshe ta ce ta ji ana zancen wata 'yar limami da gwaggon Abdulganiyu ke kawo masa. Na ce mata Allah ya sa alheri, na tambaye ta ko tana son leshin nan mai duwatsu. Da na kashe wayar na ji tsoro ya kama ni sosai.

Na kira Bunyaminu na gaya masa komai. Ya yi salati, ya yi dariya, ya sake salati.

"Uwargida, wallahi ban so haka ba. Da an tantance ni da kaina za ni Kamba in rantse masu."

"Ka daina ce min uwargida."

Ya bar wasan nan take. Tun muna yara ban taɓa hana shi ba.

Rana ta tara Abdulganiyu ya turo saƙo mai ɗan tsawo. Ya ce ya yi ta roƙon mahaifinsa har ya yarda da abu ɗaya: Baffa Namadi zai dawo, wannan karon a fili, ya ji daga bakin Inna. Abin da ya koma da shi, shi ne hukunci. "Gobe da hantsi. Don Allah, Hamdiyya, a gaya masa gaskiya. Ba ni da wata dama bayan wannan."

Na gaya wa Inna. Ta ce Allah ya kai mu, ta sa na dama fura da nonon da Fulani suka kawo da safe, na zuba a kwanon sha mai murfi wanda ba a fitar da shi sai da dalili. Na sa doguwar rigar atamfa shuɗiya da farin hijabi har ƙasa, ban shafa komai ba sai kwalli.

Ya zo ƙarfe goma da 'yan mintuna, tare da Malam Atiku, don ba zai shiga zauren gwauruwa shi kaɗai ba. Na shimfiɗa musu tabarma, na durƙusa na gaishe shi. Mutum ne kakkaura mai furfura a gemu, farar shadda, tabarau, ga biron nan a aljihu. Ya amsa gaisuwata da sakin fuska fiye da yadda na zata. Na ajiye furar na koma bayan ƙofa ta ciki, inda nake ganinsu ta gefen labule. Inna ta zauna a bakin ƙofar, ta rufe rabin fuska da mayafi. Malam Atiku kuwa, da ya gane wanda ya shaida wa ƙarya, ƙasa kawai yake kallo.

Bayan gaisuwa da ta'aziyyar Baba, Baffa Namadi ya tafi kai tsaye.

"Hajiya, tambaya biyu ta kawo ni. An yi ma wani alkawarin yarinyar ga?"

"Ko alama. Wasan taubasai na, Dela ta ɗauke shi ta kai inda ba a aike ta ba."

"Madalla. Ta biyu: yaron nan shika zama?"

Inna ta gyara mayafi. "Ɗan yayana na. Nan yat tashi. Shina zuwa, shina tahiya."

"Ban ce nan yat tashi ba, Hajiya. Nan shika zama?"

Ina ganin bayan Inna, yadda kafaɗarta ta ɗaga ta sauka. Ina jin da an ba ta minti biyu da ta samo hanyar faɗa masa, don ba mutumin da ake jin tsoron gaya wa magana ba ne. Ba a ba ta ba. Babur ya tsaya a ƙofar gida, aka yi sallama.

Wani matashi ne da riga mai dogon hannu da wando baƙi, kati rataye a wuya, takardu a cikin leda. Ya gaishe da dattawan, ya ɗauki hoton ƙofarmu da waya, ya faɗi sunan bankin da ya turo shi.

"Nan ne gidan Malam Ɗanmusa tela? Ina neman Hamdiyya Ɗanmusa, mai sunan da ke takardar wuta."

Babu yadda zan yi, na fito. Ya miƙo min takarda da biro.

"Wani Bunyaminu Haliru ya ba da gidan nan a matsayin inda yake zaune. Tambaya ɗaya ce, Malama. In a nan yake zaune, ki sa hannu a nan. In ba a nan yake ba, ki gaya min in rubuta."

Zauren namu ƙarami ne. Daga inda nake tsaye ina iya taɓa kowa a cikinsu. Inna tana dubana ta saman mayafi, ba ta ƙifta ido. Baffa Namadi ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Malam Atiku ya buɗe baki zai yi aikin da aka ba shi, ya tuna wanda ke gefensa, ya rufe.

Masu karatu, na san wasunku za su ce da su ne da sun yi dabara, su ce a dawo gobe, ko su faɗi sumammu. Ni ba abin da ya zo min. Abin da na gani kawai shi ne in na sa hannu, na rubuta da hannuna a gaban baffan Abdulganiyu cewa namiji baligi yana kwana a gidanmu, kuma duk rantsuwar da za a yi daga baya ba za ta goge shi ba. Ban yi tunanin Birnin Kebbi ba. Ban yi tunanin kuɗin mutane ba. Kaina na yi wa tunani, kuma a natse na yi shi.

Na mayar masa da biron.

"Ba nan yake zaune ba. Yana Paraku, shekara tara ke nan. Ɗakin can ba kowa a ciki."

Matashin bai nuna mamaki ba. Ya yi 'yar alama a takarda, ya ce in faɗi sunana a rubuta, ya yi godiya. Inna ta ce, "Ɗana, tsaya ka sha hura mu yi magana." Ya ce yana da gida shida kafin azahar, kuma ya riga ya tura wa banki amsata ta waya. Ya hau babur ya tafi.

Inna ta tashi ba ta dubi kowa ba, ta shige ciki. Na ji ƙarar ƙofar ɗakinta.

Na tsaya a wurin ina jiran abin da na saya da wannan tsada. Baffa Namadi ya mayar da tabaransa, ya dubi ɗakin zaure, ya dubi Malam Atiku.

"Ashe takardar banki ta. Don wagga kunka yi ta wahal da ni?" Ya girgiza kai. "Atiku, ni da nika hwiton kaya shekara talatin? Ɗana na Kandi, can tsallake, da adireshin gidana shika aiki. Da Hajiya ta ja ni gehe ta hwaɗa min, da ni da kaina za ni ce ma yaron ga na san Bunyaminu, tare munka yi sallar asuba."

Malam Atiku ya ce, "Ƙaddara ta, Alhaji."

Baffa Namadi ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya sa takalmi. Sai a lokacin ya juyo gare ni. Babu faɗa a fuskarsa, da ma faɗan ya yi da ya fi min sauƙi.

"Ɗiyata, kin hwaɗi gaskiya, na kuma ji. Za ni gaya ma yayana ba a yi ma kowa alkawarinki ba, ba kuma namiji gidan ga."

Na durƙusa. "Na gode, Baffa."

"Za ni kuma gaya mai abin da nig gani da idona. Mu gidanmu rabinmu na tsallake. Duk wadda za ta shigo cikinmu, wata rana baƙo za ya tsaya ƙohwa ya tambaye ta ɗayanmu."

Ya yi wa Malam Atiku alama suka fita.

Na ɗauke tabarmar na naɗe, na jingine ta a bango. Wayata tana ta haske a kan dakali. Kira biyu daga Bunyaminu, ga na uku yana shigowa. A ƙarƙashinsa saƙon Abdulganiyu ne, ya turo tun minti goma da suka wuce, da waƙafinsa da ayarsa:

"Baffa ya iso? Ki kwantar da hankalinki, in dai an gaya masa gaskiya, an gama."